Kurkunun da Ya Tashe Ni

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Takarda ta fito daga hannun Ɗanjuma mai goro, na unguwar Hausawa a Garwa, zuwa ga amininsa Mamman Bazazzagi, wanda ya kama hanyar gabas da niyyar Ɗakin Allah. Gaisuwa mai yawa, da so, da yarda, da aminci. Ina tambayar lafiyarka da gajiyar hanya. In ka tambayi tamu, sai godiya.

Bayan haka, zan ba masu niyyar hajji da ke bin bayanka wannan takarda, ban kuwa ɗaure ta ba. Ban san inda kake ba, ko Maruwa ta riƙe ka, ko ka ƙetare ruwa a Kusuri, ko ka yi nisan da ban san sunansa ba. Duk wanda ta faɗa hannunsa a zango ya karanta, ya karanta wa na kusa da shi, sannan ya miƙa gaba. Babu asiri a ciki. In ma da akwai, Garwa ta riga ta gama ji.

Mamman, na tashi. Mutumin nan da ka bari a zaure, wanda ka yi ta yi wa magana yana kallon bango, shi ne yake rubuto maka da hannunsa. Rubutun ma a gaggauce nake yi, don ana jirana.

Ka san farkon abin, amma kai Bazazzagi ne, sai an maimaita maka.

Shekarar da muka dawo daga Banyo gwiwata ta ƙi, ɗana Sani, wanda kai ka raɗa wa suna, ya tarye ni tun bakin gari. Ya karɓi igiyar jaki daga hannuna ya ce, "Baba, daga yau ka huta." Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Wane uba ne ba zai ji ba? Yaron ya kama kasuwa da hannu biyu, Allah ya buɗa masa, har da kantin Turawa na bakin kogi yake hulɗa.

Sai hutun nan ya fara cin abubuwana ɗaya bayan ɗaya. Na ce in riƙa zuwa rumfa ina zama, a'a, rana. Na ce a kawo mini goro in tsince a gida, a'a, akwai masu yi. In na ɗauki buta, matarsa Kuluwa ta rugo ta karɓe. In na sunkuya zan gyara danga, sai ka ji an ce, "Haba Baba, muna nan?" Babu mugunta a ciki ko kaɗan, ladabi ne tsantsa. Sani har karin magana ya yi mini: "Rai dangin goro ne, Baba, hutu yake so." Ka ji fa! Ni za a koya wa halin goro. Goron da aka ƙunshe a huhu aka manta da shi, ba a buɗe ba, ba a juya ba, ba a ba shi iska ba, me ake tararwa ran da aka kwance? Amma sai na yi dariya na koma na zauna.

Ana cikin haka matata Hajo ta rasu. Kana nan, kai ka riƙe ni a maƙabarta. Da muka dawo aka zauna karɓar gaisuwa, kowa ya shigo sai ya ce, "Allah ya sa ta huta." Da aka watse kuma, duk wanda ya wuce ta ƙofar gida ya gan ni a zaune sai ya ce, "Sannu da hutawa, Baba." Wata rana kunnena ya haɗa su biyun. Ashe kalma ɗaya ake faɗa mana ni da ita. Bambancin kawai ita an rufe ta, ni ana kawo mini tuwo.

Daga nan abin ya sauko mini. Har yau ban san sunansa ba. Ba zazzaɓi ba ne, babu inda ke mini ciwo ban da gwiwar da na saba da ita. Abinci ne ya koma kamar ƙasa a bakina. Gari ya waye in ji haushin wayewarsa. Salla ina yi, amma kamar wani ne ke yi ina kallo. Jikokina su hau jikina in ji sun yi mini nauyi, ni da na ɗauke su a kafaɗa har kasuwa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ko kukan Hajo na daina yi, cikin ya zama wayam.

Me ba a yi ba? Na sha rubutu har cikina ya gaji. An yi turare har idona ya yi ja. Wasu suka ce sammu ne daga abokan kasuwar Sani, wasu suka ce iska na taka a hanyar Banyo, masu sauƙin kai suka ce tsufa ne. Kowa ya gama nasa bayanin sai ya rufe da cewa a bar Baba ya huta.

Kai kaɗai ka ƙi bari. Kullum ka zo ka zauna ka yi ta zagin Kanawa don in tanka, ka ce mu da kuɗi ake haifarmu a hannu, ka ce ko a lahira sai mun tambayi farashi. Ban tanka ba. Ran da za ka tafi ka zo da sandarka da gorarka, ka daɗe a tsaye. Ba ka yi tsokana ba ranar. Ka ce, "Ɗanjuma, mu yafi juna." Na san abin da kake nufi, kai ma ka san na sani. Ba hanyarka kake tsoro ba, ni kake yi wa sallamar ƙarshe.

Da ka tafi na sa Sani ya sayo mini farin ƙyalle na likkafani. Ya yi kuka, amma ya sayo. Na ninke na ajiye a ƙarƙashin matashina, na zauna jira.

To, ga abin da ba ka sani ba.

Damina ta yi nisa, Binuwai ta cika, jirgin Jamusawa mai hayaƙi ya hauro da kaya. Ka san yadda garin ke zama a lokacin, 'yan dako ko'ina, ana tara su za su ɗauki kaya zuwa arewa. Wata rana da la'asar ruwa ya koro biyu daga cikinsu suka faɗo zaurenmu. Ɗaya dogo ne ƙwarai, mutumin wajen Yagwa, babu Hausa a bakinsa sai Fulatanci kaɗan. Ɗingishi yake yi. Suka gaishe ni, na ɗaga kai kawai. Dogon ya miƙe ƙafa, ɗan'uwansa ya durƙusa a kanta. Can na hango wani farin abu kamar zare ya leƙo daga idon sawunsa, ɗan'uwan kuwa ya kama shi da yatsu biyu yana shirin fizgewa.

Kurkunu, Mamman. Kurkunu zai fizge da hannu!

Ban san lokacin da na ce, "Kai! Sake shi!" ba. Muryar ta fito da ƙarfin da Kuluwa ta saki ƙwarya a cikin gida, ta ɗauka ɓarawo ne ya shigo. Ta leƙo ta ga ni ne, sai ta tsaya baki buɗe. Rabon da a ji muryata a gidan an daɗe.

Kai da ni mun san abin da wautar nan ke jawowa, mun gani a hanya ba sau ɗaya ba. In ya tsinke a ciki ƙafa ta kumbura ta yi ruwa, wani ya gurgunce, wani ma ya tafi. Na ja jiki na matsa. Na ce a kawo ruwa a kasko, aka tsoma ƙafar har ya ƙara leƙowa. Na zaro sillen kara daga zana, na tsaga bakinsa, na maƙale kan kurkunun, na juya a hankali. Da na ji ya tirje na tsaya. Na shafa man kaɗanya. Saura abin ɗauri, na duba babu tsumma mai tsabta a kusa, ruwa kuma ya hana a fita nema. Wallahi ban yi wani dogon tunani ba. Na sa hannu ƙarƙashin matashi na jawo ƙyallen nan, na kama gefensa da haƙori na yage. Kuluwa ta yi salati ta koma ciki da gudu.

Na ɗaure sillen a jikin ƙafar, na nuna wa ɗan'uwan da hannu cewa in ya sake taɓawa ni da shi ne. Dogon kuwa na ce masa, "Sey jango." Sai gobe ke nan da Fulatanci, kada ka ce ban fassara maka ba. Bayan sun fita na zauna ina mamakin bakina. Ni ne na yi wa mutum alkawarin gobe.

Da asuba abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne ko sillen ya kwance. Na duba hannuna na ga yana rawa don rashin ci, mai rawar hannu kuwa ba ya naɗe kurkunu. Na kira Kuluwa na ce a dama mini fura. Ta dama cike da ƙwarya, na shanye, ta tsaya tana kallon ƙwaryar kamar ba ta taɓa ganin irinta ba.

Ayarinsu ya tashi aka bar shi, don ba ya iya ɗaukar kaya. Muka sa masa suna Dogo. Kullum ya zo, kullum in juya kaɗan. Ka san halin abin, wata rana ya ba ka tsawon gaɓar yatsa, wata rana ya hana ka ko ƙwayar gero. Ba a yi masa fushi, ba a yi masa gaggawa. Yaro ba ya iyawa, zuciyarsa na gaba. Aikin tsoho ne, Mamman, kamar don mu aka yi shi.

Labari ya bazu a bakin kogi. Wannan ya zo da nasa a ƙwauri, wancan da biyu a ƙafa ɗaya, wani ba kurkunu ba ne ma, faso ne ya tsage har yana jini. Wani ya kwance bakin zane zai ba ni kuɗin wuri, na ce mayar da abinka, ni ban buɗe kasuwa ba. In gaya maka gaskiya, ni ya kamata in biya su.

Duk wannan Sani yana Yola. Ran da ya dawo ya tarar da zaurensa cike da ƙafafu, ga wari, ga ubansa a durƙushe gaban 'yan dako, ga likkafani ya koma rabi. Bai ɗaga murya ba, ka san shi. Ya sa aka ba kowa tuwo, ya sallame su da kyakkyawar magana, ya ce kada su dawo. Sannan ya durƙusa gabana idonsa cike da hawaye ya ce, "Baba, me na rage ka da shi? So kake a ce Sani ya kasa riƙe ubansa, har yana wankin ƙafar bare?" Kunyar ɗa ma kunya ce. Na ce to, na koma ɗaki.

Kai, abin nan ashe yana bakin ƙofa yana jira. Ko kwana biyu ban yi ba ya dawo, da ɗanɗanon ƙasar, da haushin wayewar gari, da komai nasa. Sai dai wannan karon na gan shi yana shigowa, na kuma san ta inda ya shigo. Na ji tsoro irin wanda ban ji ba ko ran da 'yan fashi suka tare mu a dajin Tibati. A karon farko da abin ya sauko mini ban san ana fita ba. Yanzu na fita na sha iska, ga shi ana mayar da ni.

Kuluwa ce ta kawo tuwo ta ajiye, ta tsaya tana gyara murfin da ba ya bukatar gyara. Ta ce wa bango, ba ni ba, "An ce dogon nan yana gindin tsamiyar hanyar kogi. Wai ɗaurin ya saki, yana cewa zai ja abin da kansa ya huta." Ta fita abinta. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, na fi zaton da gangan ta yi.

Na ɗauki sandata, da tabarma, da ragowar ƙyallen. A zaure na yi kiciɓis da Sani. Ya tare ƙofa da ladabi, ya ce, "Baba, don Allah ka huta." Mamman, sai bakin Kanawa ya dawo mini. Na ce, "Sani, hutun da kake ba ni irin na uwarka ne. Nata Allah ya ba ta, nawa kai kake ba ni tun ban mutu ba. Ka ciyar da ni, ka tufatar da ni, Allah ya saka maka. Amma in ka hana a bukace ni, ka je ka kira masu haƙa tun yau. Gidanka ne, ba zan kawo maka kowa ba. Tsamiya kuwa ba ta ubanka ba ce, ni ne ubanka na sani." Ya kauce. Na wuce ina ɗingishi, ban waiwaya ba.

Na tarar da Dogo sillen na lilo, amma bai tsinke ba. Da ya gan ni ya yi ta cewa, "Baaba, useko, useko," yana godiya. Na ce rufe mini baki, miƙo ƙafa.

Tun ranar gindin tsamiyar nan ya zama wurina. Abin da zai ba ka dariya shi ne waɗanda suka biyo ni. Ka tuna Buba, Bafulatanin nan da shanunsa suka ƙare, wanda ya daina fita ko sallar Juma'a? Na aika masa cewa ina neman mai riƙe ƙafa, ban ce ina tausayinsa ba, don na san in na ce haka ba zai zo ba. Ya zo yana ɓata rai. Yanzu shi yake riga ni zuwa, yana yi wa majinyata tsawa kamar garkensa ne. Sai Iya Gambo, wadda 'ya'yanta suka raba da murhu don girmamawa, aka ce ta fara magana ita kaɗai. Ita ke dafa mana ruwa tana wanke tsummoki. Har yanzu tana magana ba tsayawa, amma yanzu da mutane take yi, kowa kuwa ya ji a jikinsa. Mu uku in ka haɗa haƙoranmu ba za su cika baki ɗaya ba, amma ka zo ka ji dariya.

Sani ya daina bin hanyar, sai ya zagaya ta bayan kasuwa. A gida mu gaisa, ya tambayi gwiwata, in tambayi ciniki, shi ke nan. Abin yana damuna, ba zan ce ba ya damuna ba.

Ran da kurkunun Dogo ya zo ƙarshe, na ji a hannuna tun juyin farko cewa yau ne. Ƙarshen kuwa ya fi ko'ina haɗari, nan ne yake sirancewa, ƙafa in ta motsa kaɗan an yi asarar wahalar duka. Dogo zafi ya ishe shi, jikinsa na ɓari, ƙato ne, Buba ya kasa danne shi. Na ɗaga kai neman mai ƙarfi, sai ga Sani ya fito daga wajen kantin Turawa tare da abokan cinikinsa, cikin babbar riga mai aiki. Ranar ruwa ya cinye hanyar bayan kasuwa, dole ya biyo ta nan. Ya sunkuyar da kai zai wuce.

Na kira shi da muryar da nake kiransa yana yaro in jaki ya kwance kaya. "Sani! Zo riƙe nan." Ya tsaya. Abokansa suka tsaya. Bakin Iya Gambo ma ya tsaya, abin da ba a taɓa gani ba. Sai ya naɗe hannun riga, ya durƙusa cikin taɓo, ya rungume ƙafar ɗan dako da hannu biyu.

Na juya. Na jira. Na sake juyawa. Gumi na zuba a idona ban share ba. Sani yana kallon yatsuna, ina jin numfashinsa. Can sai na ji sillen ya yi sakayau a hannuna. Ya fito duka, har wutsiya, bai bar komai a ciki ba. Na ɗaga shi sama kowa ya gani. Iya Gambo ta rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya, Buba yana ta kabbara, Dogo yana dariya yana kuka yana magana da harshensu wanda babu mai ji a cikinmu.

Sani ya wanke hannu a kaskon, ya miƙe, rigar nan ta gama lalacewa. Sannan ya rusuna gaban abokansa da 'yan dako da kowa ya ce, "Sannu da aiki, Baba."

Na ce, "Yauwa, sannu kadai." Na juya ina neman wani abu cikin tsummoki, don kada Buba ya ga idona ya samu abin faɗa. Washegari aka kawo itace da zana daga gidanmu aka kafa mana rumfa. Dogo ya warke ya bi wani ayari ya koma garinsu da ƙafafunsa biyu.

Ba zan yi maka ƙarya in ce abin nan ya tafi ɗungum ba. Yakan leƙo, musamman in na shiga ɗaki na ga wurin da Hajo ke ajiye taskirarta. Yanzu kuwa ina kukanta, kuka na gaske mai hawaye, in gama in ji sauƙi. In abin ya zo ya zauna sai in tuna akwai ƙafar da na bari rabi, dole in kwanta da wuri.

Ku kuma masu karanta takardar da ba taku ba, na san kuna nan, ga taku. In kuna da tsoho a gida ku ciyar da shi, ku girmama shi, amma kada ku ƙwace komai daga hannunsa. Ku bar masa ko butarsa ce. Ku tambaye shi abin da ya iya, ku bukace shi da gaske, ba don lallashi ba, yana ganewa.

Mamman, ɗan'uwana. Na yi kewarka, ga shi na faɗa, ka je ka yi ta yi mini gori da shi. Babu wanda ke zagin Kanawa a garin nan yadda ya kamata. Nauyin da ka ɗauka ka tafi da shi saboda ni, ka sauke shi a duk inda takardar nan ta same ka, tafiyarka ta isa nauyi. In kuwa ta tarar ka riga mu, mai karatu ya yi maka fatiha, sannan ya karanta ta da ƙarfi, don Bazazzagi ko a ƙarƙashin ƙasa yana son labari.

Amma jikina yana ba ni kana raye. Kullum in ayari ya sauko daga arewa nakan duba ƙafafu kafin fuskoki, sana'a ta sa. Na san irin abin da hanyar gabas ke yi wa ƙafar tsoho, zuwa da dawowa. Kada ka bari kowa ya taɓa maka su a hanya. Ka kawo mini su yadda suke, da fasonsu da ƙayarsu, ka zauna a tabarmata ka miƙe. Ni zan wanke su da hannuna, zan kuwa jira ka komai daɗewa.

Allah ya kai ka Ɗakinsa, ya karɓi ibadarka, ya tsare ka daga sharrin hanya da na ruwa. Allah ya jiƙan Hajo da iyayenmu. Allah ya yi wa Sani da Kuluwa albarka, ya ba su masu yi musu. Allah ya ƙara mana kwana masu amfani, ya haɗa fuskokinmu a Garwa kafin ya haɗa su a gabansa. Amin.

Buba da Iya Gambo suna gaishe ka.

Ni ne amininka,
Ɗanjuma Bakano, gindin tsamiya, hanyar kogi, Garwa.
Haza wassalam.